Irin Dawar Baffa a Ɗakin Injin Kirifto

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma shekarar da na kai injin haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, gidan Baffana a Sara, wannan kam ko na so in manta ba za ta bar ni ba. Ba wai asarar kuɗi ce ta sa ba, wanda ya shiga harkar kirifto bai yi asara ba ai bai shiga ba. Abin da ya salwanta a shekarar ba a sayar da shi a kasuwa, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai.

A lokacin ina gyaran waya a wani ɗan shago a Birnin Kudu. Samarin da ke kawo mini gyara ba su da zance sai na mainin, wato haƙar kirifto, kowa ya duƙufa yana dangwalar fuskar waya tun safe, wai yana tara arziki. Ni kuwa da yake ina ganin kaina masanin na'ura, sai in riƙa yi musu dariya, ina cewa wannan wasan yara ne, masu haƙa na gaskiya inji suke saya. Na faɗa, na maimaita, har maganar ta shiga kaina ni ma. Wata safiya na rufe shago na hau motar Kano, da yamma na dawo da inji na hannu a cikin kwali, na rungume shi a cinya tun daga tasha don kada a jefa mini shi a but ɗin mota.

Injin ba wani abin kallo ba ne. Akwatin ƙarfe ne da za ka iya ɗauka da hannu biyu, fanka a gaba, fanka a baya. Aikinsa ya ci wuta yana lissafi, kai kuma a riƙa zuba maka ɗan abin da ya samu a asusunka na intanet. Wanda ya sayar mini ya ce in kiyaye abu biyu: yana son wuta tsayayya, kuma ba ya son zafi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Yanzu in na tuna wannan amsa, sai in rasa wace ƙasa nake zaton zan kai shi.

Ranar da na kunna shi a shago, ƙarar da ya yi ta sa telan da ke maƙwabtaka da ni ya bar kekensa ya leƙo.

"Malam, injin niƙa ka buɗe ba ka gaya mana ba? Ai da mun aiko da gero."

Na yi dariyar yaƙe. Wutar gari kuwa kowa ya san halinta, ta zo ta ɗauke, in ma ta zo wani lokacin ba ta da ƙarfin tayar da shi. Na koma janareta, sai na ga man da yake sha ya fi abin da injin ke kawowa. Ina cikin wannan tsaka mai wuya na tuna da farantan sola da ke zaune banza a gidan Baffa. Yayana mai motocin haya a Kano ne ya sa su, tare da rijiyar burtsatse, don a riƙa noman rani a bayan gida. Rijiyar ta ƙafe tun ba a je ko'ina ba, farantan suka zama inuwar awaki.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifin. Manomi ne da bai taɓa yin wata sana'a ba. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, na sauke kwalin, na yi masa bayani iya ƙoƙarina.

"To, Injiniya, me yake haƙowa?" Haka yake kirana in yana son tsokanata.

"Kuɗi, Baffa, amma na cikin waya."

"Haƙa babu ƙasa, kuɗi babu taɓawa. Allah Ya nuna mana." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Rana dai ba tawa ba ce. In za ta yi maka amfani, ga ta nan."

A nan dole in tsaya in gaya wa mai karatu wani abu game da Baffa, don in ba haka ba sauran labarin ba zai zama komai ba. A gidanmu akwai wani irin dawa da muke kira gajerar Kaka. Ja ce, ba ta da tsawo, tana nuna da wuri, kuma ciyawar wuta-wuta ba ta cika samun galaba a kanta ba. Manya sun ce a wata shekarar yunwa ita ce ta riƙe gidan, lokacin da sauran hatsi ya ƙone a gona. Da can rabin unguwar na shuka ta, amma da riɗi da irin cikin leda suka shigo, sai kowa ya watsar, aka bar Baffa shi kaɗai. Ɗan kwana guda yake ware mata a gona. Kafin girbi yakan shiga da kansa ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya yanke da wuƙarsa, ya ɗaure, ya rataye a rufin madafa inda hayaƙin girki zai riƙa dukanta har damina ta zagayo. Hayaƙin ne ke korar ƙwari. Ragowar kuwa Inna, matarsa, takan ajiye don kunun azumi, kuma kafin salla ta ƙare ƙaf. Wato duk shekara rayuwar gajerar Kaka tana rataye ne a wannan ɗan damin da ke rufin madafa.

Na kafa injin a wani ɗakin ajiya da ke kusa da farantan. Da rana kawai yake aiki, rana ta faɗi shi ma ya kwanta, don ba ni da ƙarfin sayen batura. Wahalar farko ita ce sabis. Sai da na ɗaure 'yar na'urar intanet a kan doguwar gora na kafa a saman ɗakin kafin ya yarda ya haɗu. Bayan nan fankar baya ta fara wani irin kuka, na kwance na tarar zanzaro ya yi gini a ciki, har da 'ya'yansa. Na share, na sa raga. Duk mako nakan hau babur daga Birnin Kudu in je in duba shi, kuma muddin ana sanyi, lafiya lau muke da shi. A karon farko na fara ganin ɗan abu yana shiga asusun. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya ishe ni in ɗaga kafaɗa a gaban samarin shago.

Da bazara ta kama sai injin ya nuna halinsa. Da zarar azahar ta yi, zafi ya cika ɗakin, sai ya kashe kansa, daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, wato lokacin da ya kamata ya fi aiki. Na gane cewa iskar zafin da yake fitarwa ta baya ita yake sake zuƙa ta gaba. Na so in huda bango in fitar da ita waje, amma bangon waje yana kallon gidan maƙwabta, kuma da ma sun fara ƙorafin ƙara. Ɗaya bangon kuwa wani ɗan ƙuntataccen ɗaki ne da ba a amfani da shi, mai 'yar taga a sama. Na huda nan, na sa maƙeri ya naɗe mini kwano ya zama bututu, na haɗa shi da bayan injin. Zafin duka ya koma can, ƙarar ma ta ragu, injin ya daina mutuwa. Ranar na ji kaina injiniya na gaske, har na ɗauki hoto na tura wa Yaya.

Inna ce ta fara gano amfanin ɗakin. Da na dawo mako na gaba na tarar ta shimfiɗa tabarma a ciki ta baza yankakken tumatir.

"Kai, ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka," in ji ta. "Kauɗar da nake fama da kaji da awaki a kanta, ga ta nan ta bushe fes, ko ƙasa babu. Ashe abin naka yana da rana."

Daga nan sai tattasai, sai kuɓewa, sai daddawa. Matan maƙwabta da ke ƙorafin ƙara suka koma aiko da nasu a faranti. Injin da aka karɓa don kunyata ya zama ɗan gida, ni kuma ina ta jin daɗi, ina cewa a raina ga kuɗi ga kauɗa.

Abin da ban lura da shi ba shi ne madafar gidan ta daina hayaƙi. Idanun Inna sun daɗe suna damunta, likita ya ce ta rage zama cikin hayaƙi, sai Yaya ya aiko mata da tukunyar gas. Alheri ne ya yi, kuma ta samu sauƙi. Amma damin Baffa yana nan rataye a rufin da babu mai hura wuta ƙarƙashinsa. Wata rana ya ga ɗan gari yana zubowa daga jikin wata zangarniya, ya san ƙwari sun fara shiga. Ga kuma wani ɗaki a cikin gidansa da ko tururuwa ba ta iya zama a ciki. Ku gaya mini, wane manomi ne ba zai yi tunanin da Baffa ya yi ba?

Na iso wata ranar kasuwa na leƙa ɗakin, zafin ya mare ni a fuska kamar na buɗe tanderun burodi. Ga damin nan an rataye shi da igiya, daidai bakin bututun, zangarniyar na rawa cikin iska. Baffa yana tsaye a bayana.

"Injiniya, da ma ina jiranka. Wannan iskar taka, ba ta da guba ko?"

"Guba kuma, Baffa? Babu komai a cikinta."

"Ka tabbata? Irin gida ne fa."

"Wallahi iska ce kawai mai zafi. Ba ga shi muna cin miyar kuɓewar Inna ba?"

Ya yi murmushi, ya gyara zaman igiyar, ya ce, "To madalla. Hayaƙin zamani ke nan."

Ban yi masa ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya tambaye ni guba, na ba shi amsar guba. Hankalina a lokacin yana kan fankar da nake jin ta fara wani sabon sauti, ina ƙagara ya gama magana in koma kanta. Na san yawan zafin da injin ke fitarwa, kullum ina ganinsa a fuskar wayata, na san ya fi ƙarfin kowace rana da Allah Ya taɓa yi a Sara. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani ba shi ne ƙwayar iri abu ne mai rai. Shi kuma Baffa ya san iri yana da rai, amma bai san zafin inji ba irin ɗumin madafa ba ne. Kowannenmu yana riƙe da rabin sani, ba mu haɗa ba. Haka damin ya ci gaba da shan wannan iska kullum, tun hantsi har la'asar, bazara guda cur.

Da ruwan shuka ya sauka na zo, don a gidanmu ba a shuka gajerar Kaka sai 'ya'yan gida sun hallara. Inna ta sussuke damin ta sheƙe, Baffa ya damƙo ƙwayar yana juyawa a tafin hannu. Ban taɓa ganin iri mai kyanta ba, ja jawur, ko huda ɗaya babu.

"Ka gani?" in ji shi. "Tun ina yaro ban ga ta fito haka ba. Bana kai ka tsare mana ita."

Ya shiga gaba da sungumi, mu muna bin sa muna jefa iri muna rufewa da ƙafa. Yana tafe yana ba mu labarin yadda mahaifinsa ke zaginsa in ya jefa ƙwaya da yawa a rami. Muka tashi da fara'a, na koma Birnin Kudu.

Ba a daɗe ba Inna ta kira ni a waya. Ba ta cika kira ba, sai da dalili.

"Ka zo ka ga Baffanka. Tuwo yake dawo mini da shi bai ci ba."

Na same shi a gona, tsugune. Gonakin gefe duka sun yi layi-layi kore, har ma sauran gonarsa da ya shuka farfara, farar dawa, ta tsira. Kwanan gajerar Kaka kaɗai ne ƙasa tsirara. Inna ta gaya mini tun farko ya ɗora laifin a kan tsuntsaye, ya ce sun tone. Daga baya ya ce ƙila ruwan ne bai ratsa ba, ya ɗauko ragowar irin duka ya sake shukawa bayan wani ruwan. Wannan na biyun ne yanzu yake tonawa da yatsa, rami bayan rami. Ya miƙo mini abin da ya tono. Ƙwayoyin sun kumbura sun yi baƙi, na matsa ɗaya ta fashe, sai wari.

"Ba tsuntsu ba ne," in ji shi. "Suna nan duka inda muka sa su. Ba su tashi ba ne kawai."

A take na gane. Na ciro waya a tsakiyar gonar na bincika ko zafi yana kashe iri. Amsar ta fito kafin in gama gyara tsayuwa. Wayar nan tana aljihuna ranar da ya tambaye ni a bakin ɗakin. Na tsuguna kusa da shi na gaya masa. Ya ɗebo ƙasa yana murzawa a hannu.

"Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago ke nan," ya ce a hankali. "Ni na rataye ta da hannuna, ba kai ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce masa yanzu zan je in farfasa injin. Ya ce in bar shirme, ƙarfe bai san abin da ya yi ba. Sai na ce to mu tafi neman iri, ai ba zai yiwu a ce duk ƙasar nan babu wanda ya rage da ita ba. A nan ne na ga idonsa ya ɗan yi haske.

Washegari na goya shi a babur. Muka fara da mutanen Sara da ya taɓa ba su, kowa ya ce ai ya daɗe da bari, da ma in ya so sai ya zo wurin Baffa ya karɓa. Muka wuce Kiyako wurin wani tsohon abokinsa, muka tarar riɗi kaɗai yake nomawa, har yana ba Baffa shawarar ya koma shi ma. Begenmu na ƙarshe shi ne Goggo, ƙanwar su Baffa da ta yi aure a Wurno, wadda aka kai ta ɗakin miji da ƙwaryar irin nan cikin kayanta. Ta ce tun rasuwar maigidanta 'ya'yanta suka koma irin cikin leda, amma tana jin ta taɓa ɓoye kaɗan. Ta shiga ɗaki ta daɗe tana motsa kaya, ta fito da wata tsohuwar 'yar tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Baffa ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya fasa lakar. Gari ne a ciki da gawar ƙwari. Ya tsiyaye a tafinsa yana tonawa ko zai samu ƙwaya ɗaya mai lafiya, bai samu ba. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska ta fara kuka.

A hanyar dawowa la'asar ta kama mu, muka tsaya gindin wata ɗorawa muka yi salla. Da muka idar bai tashi ba. Ya zauna yana kallon gonakin mutane, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

"Baffa, ka yafe mini," na ce.

"Na yafe maka tun a gona, kada ka ƙara faɗa." Sannan ya ce, "Abin da ke damuna daban ne. Ban san hannu nawa ta bi kafin ta iso nawa ba. Cikinsu akwai waɗanda suka kwana da yunwa tana rataye a kansu, ba su taɓa ta ba. Ni da na ƙoshi, a hannuna ta ƙare."

Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar, kuma bai share ba, ya bar su suka bi gemunsa. Muka hau babur muka koma gida. A makon nan ya shuka wake a kwanan, don kada ƙasar ta zauna banza. Injin kuwa bai kai wata bazarar ba, wani allo a cikinsa ya ƙone, na nemi mai gyara na gaji, na sayar da shi a kilo.

Shekaru sun wuce, har yau in na shiga kasuwar ƙauye nakan tsaya wurin masu hatsi in duba jar dawa, ko Allah zai sa. Na samu masu kama da ita, na kai wa Baffa, ya duba ya girgiza kai. Abin da na koya shi ne duk wanda ya kawo baƙon abu gida, mutanen gidan za su auna shi ne da abin da suka saba, kuma ba laifinsu ba ne. Kai da ka kawo shi, a kanka nauyin sanin sauran yake. In dattijo ya tsayar da kai ya ce ka tabbata, to akwai abin da yake tsoron rasawa, sai ka ajiye abin da ke hannunka ka saurare shi. Da na ce masa, "Ban sani ba, Baffa, bari in bincika," da yau jikokinsa sun san ɗanɗanon kunun da muka tashi da shi.